Ka Zaɓi Gajera, Ka Tsare Kunnenka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a jirgi ka buɗe ta ko sai ka sauka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare gabanka da bayanka.

Na san za ka yi dariya. Gida ɗaya muke kwana a nan unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, kwano ɗaya muke ci, sai ga takarda a cikin jakarka kamar wanda ke wata uwa duniya. To ga dalili. Ranar Juma'a da muka shiga cin tuwo a gidan abincin nan na bene, ka miƙo min waya kana nuna min hotunan bindigogi kana ta bayani. Ga hayaniyar 'yan kago masu aika kaya gida, ga talabijin, ga Alhaji Isufu na Maraɗi yana faɗa da wani a waya da Faransanci. Bakinka kawai nake gani yana motsi, shi ya sa na ce maka sai mun je gida. Da muka fito ne Alhaji Isufu ya zagayo ta damana ya ce, "Haba Malam Sale, yaron nan shawara yake nema ka watsar da shi. Mai gonar namun dajin da zai yi wa aiki a Namibiya ne ya ce ya zaɓi bindigar aiki a saya masa da sunan gona, kuma can salansa, abin rage ƙarar nan, suke ɗaura mata." Wallahi na ji kunya. Ba na son ka riƙa ɗaga murya a kaina don in ji, kai kana jin nauyi, ni ina jin haushi. Gara in rubuta, a takarda ba mai cewa "na'am?"

Ba zan ɓoye maka ba, da farko ban so tafiyar nan ba. Na kawo ka nan ka karanci likitancin dabbobi ne ina cewa a raina in ka gama za ka gaji da warin shanu ka dawo ka riƙe min ofishin kago. Ashe jinin kakanka da ka ci sunansa ne yake tafasa a jikinka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na yafe, na sa albarka. Tunda aikin ya ƙunshi rage dabbobi idan sun yi wa gona yawa, da hutar da wadda ta karye ba ta tashi, dole ka riƙe bindiga. Kuma a wannan fannin, ko da ba ni da takardar makaranta, ina da tabo.

Bari in fara da salansar, don ita ce ta hana ni sukuni.

A ƙauyenmu na gefen dajin Falgore, idan an gama girbi maharba sukan fito wasa. Kowa ya ɗura adakarsa, ya yi kirari, ya harba sama, mata su rangaɗa guɗa. Wanda tasa ta fi ƙara shi ne namiji. Ni kuwa lokacin gemu bai fito ba, amma kai ya cika da iska. Sai in faki idon kakanka in ninka albarushi. Ya kama ni sau ɗaya ya ce, "Sale, albarushi ba gishirin miya ba ne da za ka ƙara don daɗi." Na ce to, ya juya baya na ƙara. Wata rana da na harba, ƙasa sai da ta amsa, kaji suka watse, aka yi ta guɗa. Ni kuma kunnena na hagu ya ɗauki wani kuka, wiii, kamar sauro ya shige ciki ya rasa hanyar fita. Kakarka ta narka man shanu ta ɗiga min, aka ce zai sake. Ya ɗan sake, na koma na ci gaba.

Akwai wani sa'ana, Ɗanladi, shi kullum sai ya cusa auduga a kunne kafin ya harba. Kai, mun ci mutuncin bawan Allahn nan! Ni na laƙaba masa suna Amaryar Auduga, sunan ya bi shi har ya yi jikoki. Zuwana gida na ƙarshe na same shi a ƙofar gidansa muna hira, sai ya miƙe ya ce an kira salla a ƙauyen tsallaken rafi. Ni ko ladanin masallacin da ke bayanmu ban ji ba. Ya dube ni ya ce, "Ango, ina kunnen?" Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Saboda haka kada ka ji wani ya ce salansa ta ɓarayi ce ko ta matsorata ka biye masa. A inda doka ta yarda da ita, kayan aiki ce kamar takalmin shiga daji. Kuma kada ka ɗauka tana kashe ƙara gaba ɗaya yadda ake nunawa a fim, ƙarya ce. Rage ta take yi, daga wadda ke fasa kunne zuwa wadda kunne zai iya ɗauka. Ranar da za ka yi harbi da yawa wajen gwaji, ka haɗa da abin toshe kunne. Duk wanda ya yi maka dariya ka ba shi lambata, in ya kira ya ga ko zan ji shi.

Bindiga mai sakata, wato wadda kake ja wa sakata da hannunka bayan kowane harbi ka fitar da kwanso ka tura sabon harsashi, a Kamaru na fara riƙe ta. Kafin in shiga kasuwanci na yi shekaru ina bin sawu a wani sansanin farauta a yankin Garwa, inda baƙi ke zuwa da takardun izini. Cikin hotunan da ka nuna min na ga har da mai ɗura kanta. Ka bar ta. Mai sakata ba ta da tarkace a ciki, ƙura ba ta cika hana ta aiki ba, kuma kana iya zare sakatar ka leƙa bututun da idonka ka goge. Wani tsohon abokin aikina da ya koma kudancin Afirka ya gaya min idan aka ɗaura wa mai ɗura kanta salansa, hayaƙi yakan dawo wa mutum a fuska, ita kuwa mai sakata bayanta a rufe yake har sai ka buɗe da kanka. Bayan wannan ma, wanda ya san harsashi ɗaya ne a gabansa yakan yi tunani kafin ya taɓa kunama.

Sai maganar tsawo. Nan ma na sha kashi.

Ranar da mai sansanin ya ce in zaɓi ɗaya a cikin ma'aji, na miƙa hannu na ɗauko wadda ta fi kowace tsawo. Ba don komai ba sai don ta fi kwarjini idan na rataya na ratsa ta gaban masu dafa abinci. Shiga mota sai na karkata ta, fita sai ta bugi ƙofa, duk ban daddara ba. Rannan wani baƙo ya harbi gadu bai kashe ba, ya shige sarƙaƙiya, aka ce in bi jini. Ina sunkuye ina ratsa ƙaya sai ga shi ya taso min. Na zo ɗaga bindiga, bakin ya maƙale a reshe. Kafin in fizgo ta ya riga ya wuce ta ƙafata da haurensa. Tabon nan na ƙwaurina da kake tambaya kana ƙarami ina ce maka faɗuwar keke ce, to ba keke ba ne, alade ne. Ka ga dalilin da ya sa na ce keke.

To ka lura, salansa da kanta tana ƙara wa bindiga kusan taƙi guda. In ka ɗauki doguwa ka ƙara mata wannan, ka zama mai yawo da gorar kaɗe mangwaro. Ka nemi mai gajeren bututu, inci goma sha takwas zuwa ashirin ya ishe ka. Za a ce maka gajera tana rage wa harsashi gudu. Gaskiya ne, tana ragewa kaɗan, amma a nisan da mai hankali ke harbi dabba ba za ta san bambancin ba. Kada ka zaɓa daga hoto a waya kamar yadda muke zaɓar atamfa. Ka je shagon da ƙafarka, ka sa a ɗaura mata salansar a gabanka, ka ɗora ta a kafaɗa ka riƙe gwargwadon karanta Fatiha. In bakin ya fara rinjayarka yana yin ƙasa, ba taka ba ce. In kuma ta cika rashin nauyi, za ta yi ta shurinka. Ka roƙe su su bar ka ka gwada shiga mota da fita da ita, ba harsashi a ciki. Sannan ka tabbata daga kamfani aka yanka mata haƙoran da ake murɗa salansa a kai, irin na noti, kuma nata da na salansar sun dace. Na san halinmu, komai sai mu ce a kai wa mai walda ya gyara. In aka yanka a karkace harsashi zai daki salansar a hanyarsa ta fita, kuma fuskarka ce mafi kusa.

Girman harsashi kuma, kada ka bi son zuciya. Akwai wata ƙatuwar bindigar ɓauna a sansanin, na yi ta naci har aka ba ni aro. Harbin farko ta shure ni sai da na zauna daɓas, kafaɗata ta kwana biyu ba ta ɗaguwa. Ban gaya wa kowa ba. Amma daga ranar jikina ya koyi tsoro, duk lokacin da zan taɓa kunama sai ido ya rufe da kansa, kafaɗa ta noƙe. Da wannan halin aka aike ni in samo wa ma'aikata nama, na sami gwanki tsaye sarai a fili, na harba na same shi a ciki. Abba, dabbar nan ta juyo ta dube ni kafin ta ruga. Muka bi sawu har rana ta faɗi ba mu same shi ba. Washegari ungulaye ne suka nuna mana inda yake. Ya kwana yana shan azaba, ya mutu mushe, ba wanda ya ci. Na harbi dabbobi da yawa a rayuwata na manta su, wannan kam har yau yana zuwar min.

Ka ɗauki matsakaici, wanda kafaɗarka za ta ɗauka ido a buɗe. Irin wanda suke kira 308 ya ishi yawancin abin da za ka tarar a gona, kuma yana tafiya daidai da gajeren bututu. Amma kafin ka yanke, ka tambayi tsofaffin ma'aikatan wurin wane harsashi ne ba ya yankewa a shagon garin da ya fi kusa da ku. Bindigar da harsashinta sai an yi oda sanda ce mai tsada. Ka tambaye su cikin ladabi, kada ka je musu da digiri a goshi. Idan an ɗaura salansa inda harsashi ke sauka yakan ɗan gusa, don haka ka daidaita madubin saitinka da ita a ɗaure, ka yi ta gwadawa a kan kwali har hannunka ya zauna, kafin ka nuna wa mai rai. In ka dawo daga aiki ka bari salansar ta huce, don tana zafi kamar ta babur, sannan ka kwance ta ka ajiye daban, in ba haka ba raɓar cikinta za ta sa bututun tsatsa. Kada ka harba sai ka san abin da ke bayan dabbar. Ka yi bisimilla kafin ka taɓa kunama, wuƙarka kuma ta kasance da kaifi a kugunka.

Akwai wani abu da ya shafe ka kai kaɗai. Bahago aka haife ka. Kana ƙarami na yi ta bugun hannun nan da bayan cokali har ka koma ci da rubutu da dama. Na cin abinci ban yi nadama ba, amma na rubutu da jifa da sauransu zalunci ne kawai, ka yafe min. Hannu ya bi umarnina, ido bai bi ba. Ina lura da kai, ko hoto za ka ɗauka da waya idon hagu kake sawa. To kada ka je can ka ɗora bindiga a kafaɗar dama don kunyata. Ana yin mai sakata ta bahagwai, sakatar tana ɓangaren hagu. Ka tambaya, ko za a jira a kawo ta ka jira. Sai dai ka sani, mai harbi da dama kunnen hagu yake rasawa, don shi ne ke fuskantar bakin bindiga. Kai naka na dama ne a gaba.

Yanzu kuma ka buɗe ido da kyau, don nan ne jinin Kano zai iya cutar ka. Mun saba a garin nan duk abin da ido ya gani sai mu ce ai ana yinsa a nan da araha. Ka ɗauki samfur ka kai wa lawban, wato mai shago ɗan ƙasar nan, ya juya shi ya danna kalkuleta, bayan kwana kaɗan ga katan ɗari. Shi ya sa ma kurma irina yake iya ciniki a kasuwar Canaan, tunda lamba ake nuna wa juna. Na san ranka ya raya maka ka nemi salansa ko madubi a nan ka tafi da su. Kul! Ko hoton kada ka tura wa wani lawban, ko tambaya kada ka rubuta a waya. A ƙasar nan maganar bindiga ba ta da wasa, har ta roba mai kama da ta gaske tana iya kai mutum inda ba ya so.

Ni na gani da idona. Farkon zuwana ina da wani kwanson harsashi, fanko, da na huda na rataya makullaina a jiki tun daga Kamaru. Na ma manta da shi. Ina sauri zan shiga jirgin ƙasa na sa jaka a na'urar bincike, sai ma'aikaciyar ta ɗaga hannu. Kafin ka ce kwabo an kewaye ni, an kai ni wani ɗaki. Ni ba Sinanci ba, in ban da nihaw da shiyeshiye, wato sannu da na gode. Ina ta nuna musu ramin kwanson ina cewa "meyo, meyo," wai babu komai a ciki. Ba su zage ni ba, ba su taɓa ni ba, aikinsu suke yi. Amma sai da aka nemo tafinta, aka duba fasfo, aka tambaye ni tun daga sunan kakana, Juma'a ta wuce ni a zaune a kan benci. Wannan fa fankon kwanso ke nan. Ka bari mai gonar ya sayi komai a can, a shago mai lasisi, da takardu. In za ka zo hutu, ko nan ko gida Najeriya, ka bar musu kayansu a ma'ajinsu, ka zazzage aljihunka da jakarka kafin ka nufi filin jirgi.

Na tsawaita, na sani. Saura magana ɗaya, ita ce ban taɓa gaya wa kowa ba.

Lokacin da jikin mahaifiyarka ya tsananta kana tsakiyar jarrabawa, muka ɓoye maka na tafi Kano ni kaɗai. Da safe ne, bayan an ba ta kunu ta kasa sha. Gadon yana jingine da bango, kujerar da aka ajiye min kuma ta sa kunnena na hagu ne ke wajenta. 'Yan'uwanta sun fita tsakar gida. Sai ta kamo hannun rigata ta ja. Na sunkuya, ta kai bakinta kunnena ta yi magana. Ta ɗan jima tana yi, ina jin ɗumin numfashinta a kuncina. Abba, ko kalma ɗaya ban ji ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in zagaya in ba ta ɗaya kunnen, in ce maimaita. Amma na ga wahalar da ta sha kafin ta haɗa maganar, na ji nauyin in sa ta sake. Na ce a raina bari ta huta, an jima na tambaye ta. Sai na ce mata, "To, in sha Allahu." Ta saki rigata, ta yi murmushi, ta rufe ido kamar wadda aka sauke wa kaya. Ba ta ƙara magana ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Na ɗauki alkawari ban san na mene ne ba. Ko bashi ne take so a biya, ko wani take so a nema mata gafararsa, ko ni take gaya wa wani abu da ba ta taɓa faɗa ba. Na tambayi 'yan'uwanta a fakaice, ba wanda ta bar wa saƙo. Zuciyata ta fi ba ni a kanka ne, don ba ta da zance sai naka. Tun daga ranar duk abin da na yi maka sai in ce ko wannan ne, ko ba shi ba ne. Har barinka ka tafi ɗin nan, ban sani ba ko cika mata nake yi ko saɓa mata. Guɗar da aka yi min a filin wasa ba ta kai minti ɗaya ba, ga abin da na biya.

Wata rana wani naka zai yi maka magana a hankali, irin wadda ba a maimaitawa. Ina so ka ji ta.

Allah Ya tsare min kai, Ya tsare hannunka daga cutar da abin da bai kamata ba, Ya sa ka ci halal ɗinka lafiya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya yafe min abin da na amsa mata ban ji ba. In ka sauka kada ka kira, ka rubuto.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sale
Xiaobei, Guangzhou